Shirin Kayan Tafiya Hajji

Kowace shekara mutanen Jega da Aliero da Maiyama sukan tafi aikin Hajji. Wani ya sayar da albasa, wani ya sayar da shinkafa, wani bijimi. Wani kuwa shekara goma yana tari kafin kuɗin kujera su cika. To, mutum ya sha wannan wahala duka, bai kamata takalmi ko jaka su ɓata masa ibada ba. Wannan darasi zai nuna maka abin da za ka ɗauka, da abin da za ka bari gida, da dalilin kowane.

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara shirin kayanka wata guda kafin a kira ku.

Tafiyar da da ta yanzu

Kakanninmu a ƙasa suke tafiya Makka. Su bi ta Barno, su ratsa Chadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara uku a hanya, wani bakwai, yana tsayawa yana ƙwadago yana samun guzuri. Kayansu tabarma ne da buta da gora da sanda, gama abin da mutum zai ɗauka a kansa shi ne iyakar kayansa.

Yanzu jirgin sama ne. Alhazan Jihar Kebbi daga filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi suke tashi. A 2024 ma daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya duka ya tashi, ran 15 ga watan Mayu. Tafiyar da ake yi cikin shekaru, yau ba ta cin wuni guda. Amma abu ɗaya bai sake ba. In an kai can, aikin Hajji da ƙafa ake yinsa, cikin rana, cikin taron mutane. Saboda haka dabarar kakanninmu tana nan da amfaninta: kaya kaɗan, kowane da aikinsa.

Kowace rana da aikinta

Kafin ka sa kome cikin jaka, ka san ayyukan da ke gabanka.

Akwai ziyarar Madina, inda za ka yi 'yan kwanaki cikin tufafinka na kullum. Akwai Umra, watau ɗawafi sau 7 da sa'ayi sau 7 tsakanin Safa da Marwa. Sa'ayin nan kaɗai tafiyar kilomita 3 ce. Akwai zaman Makka ana jiran ranar aiki.

Sa'an nan sai manyan kwanaki. Ran 8 ga Zulhajji a fita Mina. Ran 9 a wuni Arfa, wadda ke kamar kilomita 20 daga Makka. Rana ta faɗi a taso, a kwana Muzdalifa a fili. Ran 10 a yi jifa, a yanka hadaya, a yi aski, a yi ɗawafi. Ran 11 da 12 a koma jifa, wanda ya tsaya kuma ya ƙara ran 13.

Ka ga kowane aiki da irin kayan da yake so. Duk abin da ka ɗauko, ka tambayi kanka: wace rana zan yi amfani da wannan? In ba ka sami ranar ba, ajiye shi.

Jaka uku

Hukumar alhazai takan ba maniyyata jakunkuna iri ɗaya, babba da ƙarama, da yadin da za su ɗinka su sa don a riƙa shaida su. An daɗe ana bin ƙa'idar kilo 32 ga babbar jaka, kilo 8 ga ta hannu. Kilo 32 ya ɗara rabin buhun siminti. Kilo 8 kuwa nauyin galan biyu ne na ruwa. Kowace shekara akan sanar da ƙa'idar bana wurin bita, sai ka kasa kunne. Ido ba mudu ba ne. Kai jakarka wurin mai sikeli a kasuwa ya auna maka tun kana gida.

Babbar jaka ita ce ɗakinka. Cikin jirgi ba ta tare da kai, a Makka kuma masauki za ta zauna.

Ta hannu tana tare da kai cikin jirgi da cikin mota. A nan za ka sa magani, da harami, da tufafi sawu ɗaya, da abin cajin waya. Wani lokaci babbar jaka takan makara kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya shirya ta hannu da kyau ba zai tagayyara ba.

Ta uku 'yar ƙarama ce ta ratayawa a wuya, ko ɗamara. Kuɗi da takardu da waya ke ciki. Wannan ba ta rabuwa da jikinka, ko wanka za ka shiga.

Tun da jakunkunan iri ɗaya ne, ɗaruruwa a wuri guda, lalle ka yi wa taka alama. Rubuta sunanka da jiharka da ƙaramar hukumarka da manyan baƙaƙe. Ɗaura ƙyalle mai launi a hannunta. Rubuta wata takarda kuma ka sa ciki, ko ta waje ta goge.

Harami

Haramin namiji farin ƙyalle ne guda biyu marasa ɗinki, ɗaya a ɗaura a ƙugu, ɗaya a yafa. Ba wando, ba riga, ba hula. Ka nemi sawu biyu. Yawancin alhazanmu sukan yi Umra tukuna su kwance harami, sa'an nan su sake ɗaurawa ran 8 ga wata. Daga ran nan har ran 10 kana cikinsa, ga zufa, ga ƙura, ga kwanan ƙasa. In ɗaya ya yi dauɗa ko ya sami najasa, sai ka sauya.

Zaɓi na auduga mai ɗan kauri, wanda ba ya nuna jiki in ya jiƙe. Wanke shi kafin tafiya don ya yi laushi. Ka koyi ɗaura shi tun a gida. Ɗaura, ka zauna, ka tashi, ka yi ruku'u da sujada, ka zaga gida da shi. Mutumin da ya saba da babbar riga da wando, in bai gwada ba, sai ka gan shi wurin ɗawafi hannu ɗaya na riƙe da ƙugu, hankalinsa duk yana can.

Ka tambayi inda jirginku zai sauka. In Madina ne, da tufafinka za ka tafi, sai ranar tafiya Makka ku ɗaura harami a Zul Hulaifa, kusa da Madina. In kuwa Jidda ne, kuma daga nan Makka za ku wuce, to, haramin zai zama a jikinka ko a hannunka tun daga Birnin Kebbi. Shi ya sa aka ce kada ya shiga babbar jaka.

Mai harami ba ya shafa turare, ba ya yanke farce, ba ya cire gashi. Saboda haka ka yi gyaran jiki tun kafin ka ɗaura, ka kuma nemi sabulu marar ƙamshi. Tafiya ba wando takan sa cinyoyi su goge har su saɓule. Ɗauki man basilin marar ƙamshi, ka tambayi malamin bita lokacin da ya halatta a shafa.

Tufafin kullum

Bayan harami, namiji riga da wando sawu huɗu sun ishe shi, da hula biyu. A kowane masauki akwai ruwa, kuma wanki ba ya daɗewa bai bushe ba a ƙasar nan. Ɗauki 'yar igiyar shanya da sabulun wanki. Babbar riga mai aiki ta zauna gida, ta jira ranar da za a zo yi maka barka.

Zaɓi yadi marar nauyi mai haske. Baƙin tufa yana jan zafi. Amma ka sa rigar sanyi ɗaya ko mayafi, gama cikin jirgi da masallatai da ɗakunan kwana akwai na'urar sanyaya wuri. 

Kayan mata

Ke maniyyaciya, haraminki tufafinki ne na sutura, kowane launi. Fuska da tafin hannu ne ba a rufewa, watau ba nikabi, ba safar hannu. Ki nemi dogayen riguna masu yalwa marasa nauyi, da hijabi uku ko huɗu. Ki sa dogon wando daga ciki, gama zani yakan kwance cikin turereniya, kuma a Muzdalifa a fili ake kwana. Hijabin da ke jan ƙasa, na bayanki zai taka ki faɗi. A rage masa tsawo.

Ki tanadi audugar mata ko da ba ki tsammani, don wahalar tafiya takan sauya kwanakin al'ada. Gwal da sauran kayan ado su zauna gida. Ki ɗauki ƙaramin almakashi na rage gashi bayan Umra da ran 10, amma cikin babbar jaka za ki sa shi har a sauka.

Takalmi

Cikin kayan alhaji duka babu wanda ake rainawa kamar takalmi, kuma babu wanda ya fi shi ba da wahala. Daga tantunan alhazanmu a Mina zuwa wurin jifa tafiya ce mai nisa, zuwa da dawowa, kwana uku a jere ko huɗu.

Kada ka tafi da sabon takalmi. Saye shi da wuri, ka riƙa zuwa kasuwa da masallaci da gona da shi har ya saba da ƙafarka. Ya zama mai taushin ƙasa, wanda ba ya santsi, gama wuraren alwala kullum a jiƙe suke. Na namiji mai harami buɗaɗɗe ne, ba sau-ciki ba. Mace kuwa tana iya sa rufaffe da safa.

Ɗauki ƙafa biyu, da 'yar jakar zuba takalmi. In za ka shiga masallaci, sa shi ciki ka rataya. Masallacin Makka ƙofofinsa suna da yawa ƙwarai. Wanda ya bar takalmi a ƙofa, da wuya ya fito ta inda ya shiga. Kwaltar waje kuwa da tsakar rana tana ƙona tafin ƙafa har ya sale. Mai ciwon sukari ya fi kowa hatsari, don sau da yawa ba ya jin ƙunar sai ta yi rauni.

Maganin rana

Mu mutanen ƙasar zafi ne, bazararmu takan wuce 40 a ma'auni. Amma kada wannan ya ruɗe ka. A gida, rana ta take sai ka shiga inuwa. A can kuwa aiki ke fitar da kai. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, zafi ya kusa 52 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Yawancinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, ba su da tanti, ba su da mota, suka yi doguwar tafiya cikin rana.

Saboda haka ga abin da za ka tanada. Farar lema mai naɗewa. Gorar ruwa wadda za ka riƙa cikawa, gama akwai ruwan sha ko'ina. 'Yar kwalbar fesa ruwa a fuska. Ƙullin gishiri da sukari irin na asibiti. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba. Lema kuwa ba hula ba ce, riƙe ta sama kada ta zauna a kanka.

Ka sani kuma kowace shekara Hajji yana matsowa da kwana 11. Wanda ya tafi a farkon 2006 cikin watan Janairu ya yi aikinsa, ya kwana Muzdalifa cikin sanyi. In ya ba ka shawara, ta bargo zai ba ka. Tambayi alhajin bara, shi ya san yanayin da za ka tarar.

Jakar Mina

Daren 8 ga wata za ka bar babbar jaka a masauki, ka shirya 'yar jakar goyo. Abin da ke cikinta shi za ka rayu da shi kwana biyar. Ga su:

Harami na biyu. Tufafi sawu ɗaya na sawa bayan aski. 'Yar tabarma mai naɗewa ta kwanan Muzdalifa. Lema da gorar ruwa. Magani. Sabulu da ƙaramin tawul. 'Yar buta. Tocila. Dabino ko biskit. Littafin addu'a da carbi. Batirin cajin waya. 'Yar jakar tsakuwa.

Tsakuwar jifa ƙanana ce, ba ta fi ƙwayar gurjiya ba. Ran 10 ana jifa da 7, ran 11 da 21, ran 12 da 21. Jimla 49 ke nan. Wanda ya kai ran 13 ya ƙara 21, sun zama 70. A can ake tsinta, ba a zuwa da ita daga gida.

In ka gama shiryawa, goya jakar ka zaga da ita. In ta dame ka cikin ɗaki, a hanyar jifa sai ta kayar da kai. Rage.

Magani da takardu

Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya ga likita tun da wuri. Ya karɓi maganin da zai ishe shi har ya dawo, da ɗan ƙari. A bar magani cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi cikin leda ba suna, gama ma'aikatan filin jirgi ba su san ko mene ne ba. Mai tabarau ya ɗauki biyu. Takunkumin rufe hanci da baki yana da amfani cikin taro.

Takardu su ne fasfo, da katin rigakafi mai nuna an yi maka allurar shawara da sanƙarau, an kuma ɗiga maka maganin shan inna. A can za a ba ka katin shaida mai suna Nusuk, wanda aka wajabta tun 2024. In babu shi ba a barin mutum ya shiga wuraren aikin Hajji. Rataya shi a wuya kullum. Ka karɓi katin masaukinku mai sunan gidan da unguwar. In ka ɓata, shi za ka nuna. Rubuta lambar wayar jami'inku a takarda, don waya takan mutu.

Kuɗin guzuri kada su zauna wuri ɗaya. Raba su biyu, ka fita da na cefanen yini kaɗai.

Abin da ba a ɗauka

Goro an hana shiga da shi Saudiyya. Mai cin goro ya fara ragewa tun yanzu. Wuƙa da reza da almakashi ba sa shiga jakar hannu. Risho da tukunyar gas ba su da wuri. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, mutum fiye da 300 suka rasu. Tun daga nan aka kafa tantuna masu jure wuta, aka hana girki a ciki. Ana ba alhazai abinci, kasuwanni kuma cike suke. Mutumin Aliero ba sai ya kai albasa Makka ba.

Miyagun ƙwayoyi kuwa, hukuncin mai safararsu a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. A nan ne maganar saƙo ta shigo. Ranar tafiya wani zai zo da ƙulli, ya ce, "Alhaji, don Allah ka kai wa ɗan'uwana da ke Makka." Kada kunya ta sa ka karɓa. Abin da aka samu cikin jakarka naka ne a wurin hukuma, ba a tambayar wanda ya ba ka. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina, ta je Umra, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Wata huɗu tana tsare kafin gaskiya ta bayyana a sake ta.

Don haka ka shirya jakarka da hannunka. Kulle ta da kwaɗo. Ka san yawan jakunkunanka, ka ƙidaya takardun shaidar kaya da aka ba ka a filin jirgi, ka adana su. In tsoho ne ko tsohuwa, ɗa ko jika ya shirya a gabansu, yana nuna musu kowane abu da inda aka sa shi.

Tsaraba

Wanda ya tafi da jaka cike, ina zai sa tsaraba? Ka bar rabinta wofi. Wajen dawowa ma za a auna kaya, abin da ya haura kuwa ko ka biya kuɗi mai yawa ko ka bar shi can. Dabino da carbi da hula da darduma sun isa. Yawancin kayan da ke kasuwannin Makka daga waɗansu ƙasashe ake kawo su, irinsu kuma suna nan kasuwar Jega. Ruwan Zamzam ba a sa shi cikin jaka. Akan ba kowane alhaji lita 5, jirgi ne yake kawo shi dabam, a raba a gida.

Mutanen gida su ma su taimaka. Kada a cika maniyyaci da sautu. Ibada ta kai shi, addu'arsa ta fi kowace tsaraba.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya karɓi aikinsu, ya komo da su lafiya. Waɗanda ba su je ba, Allah ya kira su. Amin.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ake sawa cikin jakar hannu, kuma don me?
2. Me ya sa ake son harami sawu biyu?
3. Me ya sa ba a tafiya da sabon takalmi?
4. Tsakuwa nawa mai barin Mina ran 12 zai yi jifa da su? Nawa ne na mai kaiwa ran 13?
5. In wani ya kawo maka ƙulli ka kai Makka, me za ka ce masa?
6. Jakar Alhaji ta yi kilo 39, ƙa'ida kuwa kilo 32 ce. Kilo nawa zai rage?

Aikin rubutu

Rubuta sunanka da garinku da ƙaramar hukumarku da manyan baƙaƙe, kamar yadda za ka rubuta a jikin jaka. Sa'an nan ka jera abubuwa goma na jakar Mina, ka karanta wa wanda ya taɓa zuwa Hajji ya ji.